Kuɗin Ƙwallo a Asusun Wayata

Yayana ne ya kawo ni Alƙahira bayan na gama sakandare. Shi yana karatun addini da tallafin da aka ba shi daga gida, ni kuma ina yi wa amare lalle a wani ɗan shago a unguwar Hayyin Ashir. Da na kama shagon aka ce sai na yi rajistar haraji. Na yi. Duk shekara akwai takardar da ake cikawa, a faɗi abin da ya shigo hannun mutum.

Yaya yana da wani wasa a waya. Mutum zai zaɓi 'yan ƙwallo na gaske ya haɗa tasa ƙungiyar, in sun taka rawar gani a fili shi ma ya samu maki. Ana biyan kuɗin shiga, wanda ya fi maki ya kwashe. Bai so sunansa ya fito, don in masu tallafi suka ji an ce caca, karatu ya ƙare. Sai ya ce, "Ƙanwata, ara mini lambar wayarki, wasa ne kawai." Na ba shi, ko ɗaga kai ban yi ba.

Sai ga shi ya ci. Kuɗin suka faɗo asusun wayata.

Abin da ya dame mu kawai shi ne halal ne ko haram. Yaya ya tambayi wani malami kamar labarin wani yake bayarwa, malam ya ce a rabu da su, kada a ci ko sisi. Ranar Juma'a muka sayi shinkafa da mai, muka tafi unguwar Arba wa Nus, muka rarraba wa gidajen 'yan Sudan da yaƙi ya koro. A hanyar dawowa Yaya ya kakkaɓe hannu ya ce, "Khalas, mun fita hakki." Ni ma haka na ɗauka.

Da lokacin haraji ya yi na je wurin wani tsoho Bamisire mai cika wa mutane takardun. Na tafi da maƙwabciyata don Larabcinta ya fi nawa. Tsohon yana duba shige da ficen asusun sai ya ɗora yatsa a kan kuɗin da suka shigo daga wasan, ya dube ni. Maƙwabciya ta leƙa ta ce, "Kai! Wace amarya kika yi wa wannan lallen, 'yar Fir'auna?"

Na ce ba namu ba ne, mun bayar sadaka. Ta fassara masa. Ya cire tabarau ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri 'yata, Allah ya karɓa. Amma hukuma ba ta ga sadaka ba, sunanki ta gani." Ya ce ko dai a rubuta ni na ci, in biya abin da ya hau kaina, ko in faɗi mai su. In kuma aka ɓoye, maganar tana iya taɓa izinin zamana.

Na ce ni ce mai su, ni na buga wasan ƙwallon.

"Ke?" in ji maƙwabciya. "Ke da ba ki san gola da alƙalin wasa ba?" Amma ta fassara, ya rubuta, na sa hannu.

'Yan kunnen zinaren da Inna ta ba ni na sayar na biya. Wannan bai yi mini ciwo ba kamar abin da ya biyo baya. Ban roƙi maƙwabciya ta rufa mini asiri ba, kunya ta hana ni, kafin a jima magana ta zaga unguwa. Wata uwar amarya ta aiko a gaya mini hannun caca ba zai taɓa 'yarta ba. Har yanzu in waya ta yi ƙarar saƙo sai gabana ya faɗi.

Jiya Yaya ya zo shagon ya ce zai je ya faɗi gaskiya. Na ce, "Yaya, in ka faɗa, to me na saya da sunana?" Muka zauna har la'asar, ba wadda ta leƙo neman lalle.