Kawu Ɗanjuma da Tuwon Gwaji

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma mai turare a kasuwar Birnin Gwari ya san hancinsa ne ke fara gaisawa. Kafin ya amsa sallamarka sai ya shinshina: "Daddawa ka ci, ko? To, wa alaikumus salam."

Ga tsimi! In kwalbar turare ta ƙare, sai ya zuba ruwa, ya girgiza, ya shafa a rawani. Matarsa ta ce, "Malam, ai ba komai a ciki." Ya ce, "Ke ce kika manta. Kwalbar ba ta manta ba."

Ni kuwa abin da ya ja mini, har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Ina elemantare, zamanin Turawa, malaminmu na tsafta ya zaɓe ni in nuna gwaji gaban Baturen makarantu. In na burge, sai makarantar Midil ta Zariya. Aka yanka tuwo uku, kowanne a ƙwaryarsa: ɗaya a shafa masa man kanumfari, ɗaya man darbejiya, ɗaya a bar shi haka nan, a ga wanda ƙwayoyin cuta za su fara ci. Na ajiye a zauren Kawu, tunda man nasa ne.

Ranar da Bature ya zo, na kai ƙoren aji, na buɗe ina hura hanci. Masu mai sun fara funfuna. Wanda ba a shafa wa komai ba kuwa fari sol, har da ɗumi!

Bature ya taɓa, ya dubi malam. Malam ya dubi ƙasa. Sai ga muryar Kawu daga bayan taro: "Ranka ya daɗe, ni nake cinye shi kullum da safe in sa sabo. Waɗancan yaro ya ɓata su da mai, na haƙura. Amma lafiyayyen tuwo ya ruɓe a zaurena ina kallo? Me zan ce wa Allah?"

Tun kafin tafintan Bature ya gama fassara, ajin ya barke da dariya. Zariya dai sai a bakin direbobi na ji labarinta, shi ya sa rubutun nan yake kamar tonon kaza.

A hanyar gida na ƙi kula Kawu. Can ya ce, "Isa, da ka gaya mini ruɓewar ce karatun, da na rufe ido."

Allah ya jiƙan Kawu, ya ciyar da shi abin da ba ya ruɓewa.