Gwaggo Sahura da Gwangwanin da Kuɗi Ke Kwana

Duk wanda ya tashi a gidanmu na Urafan ya san dokar Gwaggo Sahura: ba a kashe kuɗi ranar da suka shigo hannu, sai sun kwana. Ko dala guda baƙo ya ba yaro, kafin ya gama murna zai ji murya daga bakin ɗaki, "Kawo nan su huta, daga tafiya suke!" Tana da gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, kowane yaro da ƙyallensa da ta yago daga tsohon zane, a ciki take ƙulle masa nasa. Nawa shuɗi ne, in ban manta ba. Yaya Habu ya ce kore ne, ba zan yi gardama da babba ba. Da safe ta kwance, ta ɗora maka a tafin hannu ta ce, "Har yanzu kana son abin?" In ka ce i, ka je ka saya. In ka yi shiru, ta sake ƙullewa.

Abin da ya sa nake rubuta muku wannan shi ne, bayan sadakar arba'in da rasuwar Gwaggo, Inna ta miƙo mini gwangwanin nan, da ƙyallayen jikoki a ciki, ta ce Gwaggo ta bar wasiyya ni za a ba. Gaskiya ne na yi karatun tattalin kuɗi har na samu lisans, wato digiri, ina kuma aiki a Tasawa, amma kun san ni, ban taɓa iya ce wa yaro a'a ba. Na ji tsoron abin da ta rena shekara da shekaru ya mutu a hannuna.

Ni kaina na sha wuyar dokar nan. Ina ɗan shekara bakwai, ko takwas, wani ɗan koli ya zo a keke da usur na roba. Ranar nan Kawu Sale ya ba ni dala goma. Na ruga da gudu, sai ji na yi an kama wuyan rigata.

"Ina zuwa, Laminu?"

"Gwaggo, usur! Tafiya zai yi!"

"Allah ya kiyaye hanya. Kawo."

Na yi birgima har ƙasa ta shiga kunnena. Da safe ta kwance ƙyallen, ta yi tambayarta. Na ce ai mai usur ya tafi. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Kai ka tsira da kuɗinka, mu mun tsira da kunnuwanmu."

Kada wani ya zaci yara kaɗai take yi wa. Wata ranar kasuwa ta sayar da waken gamanarta, wato 'yar gonarta, ta wuce masu gishiri ba ta ko waiwaya ba, alhali na gida ya ƙare. Da aka kai wa mijinta Baba Idi tuwo, ya yi loma ɗaya ya leƙo.

"Sahura, miyar nan lami ce."

"Kuɗin gishirin suna barci."

"To tashe su mana!"

"In na tashe su yau, gobe yaran nan su ce Gwaggo ma tana yi. Ci haka nan, likita ma ya hana ka gishiri."

"Wane likita?"

"Ni."

Baba Idi ya cinye tuwonsa. Wasu sun ce ya aika maƙwabta an ɗibo masa a ɓoye, amma ban gani da idona ba, don haka ba zan ɗora masa ba.

Da na karɓi albashina na farko, na tura mata jikka goma ta salula, ta je shago ta karɓa. Na kira ta ina jin kaina wani babba.

"Gwaggo, ki sayi atamfa yau ɗin nan."

"Kai ɗan lakkol mai boko, ta ina kuɗin nan suka biyo?"

Na fara bayani, na ga ba zai fita ba, na ce, "Ta iska, Gwaggo."

"Daga Tasawa har nan kafin in sa takalmi? Wayyo, sun wahala! Waɗannan kwana uku za su yi."

Bayan kwana ukun ma ba atamfa ta saya ba, tunkiya ta jawo gida. Ta ce atamfa ba ta haihuwa.

Sau ɗaya tak na ga ta karya dokar. Da damina ne, na zo hutu daga jami'a. Da hantsi aka kawo mata kuɗin adashe, tana shirin ƙullewa sai ga matar Agali maƙwabcinmu, ɗauke da ɗiyarta, zazzaɓi ya sa yarinyar ko ido ba ta buɗewa, mijin kuma yana daji wajen kiwon bisashe. Gwaggo ba ta tambayi komi ba, ta danƙa mata kuɗin gaba ɗaya. Ni kuma, da wautata, na ce, "Gwaggo, ai ba su kwana ba."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wai me suke koya muku a can? Barcin na kwaɗayi ne, ba na rai ba. Ruga ka kira mai moto ya kai su asibiti, ka tsaya mini kamar turmi!"

Yarinyar tana nan, bana ta shiga kolej.

To, ƙaramar sallar da ta wuce ce jarrabawata ta farko. Na zo gida, na zauna a tabarma da gwangwani a gabana, manyan yara suka kawo barka da sallarsu ba musu. Sai Fiddausi, ɗiyar Yaya Habu mai shekara shida, ta tsaya nesa ta dunƙule dala ashirin a hannu. Lemun kwalba take so, yanzu-yanzu. Na zaunar da ita, na yi mata bayanin tanadi, da bambancin buƙata da sha'awa, ina jin har da Faransanci na haɗa. Ta saurara har ƙarshe, ta miƙo kuɗin, sannan ta fashe da kukan da ya fito da mutane daga ɗakuna. Na kama bakin ƙyallen zan kwance, sai Inna ta yafito ni bayan rumbu.

"Kwancewa za ka yi?"

"Inna, kuka take. Wataƙila ta yi ƙanƙanta, ko kuma ni ne ban iya ba."

"Rabin aikin aka ba ka, shi ya sa. Dabinon da nake ba ku duk ranar da ta karɓe muku kuɗi, ka zaci nawa ne? Ina na ga kuɗin dabino? Ita take sayowa da nata, ta zagayo ta bayan gida ta ba ni, ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Ta ce gara a ce ita ce muguwa, amma kada yaro ya kwana yana ƙin ajiya."

Shekara talatin ina gode wa Inna dabinon nan.

Na bi ta bayan gida na sayo lemun, na ba matar Yaya Habu ta kai wa Fiddausi, na roƙe ta ta rufa mini asiri. Da safe na kwance ƙyallen, na ɗora wa Fiddausi kuɗinta a hannu, na yi tambayar. Ta juya su, ta yi tunani, ta miƙo mini.

"Ƙulle, Baba Laminu. Amma ka bar dogon surutun nan. Gwaggo ba ta yi."

Na ƙulle. Ban sani ba ko zan iya kamar yadda ta iya, mai yiwuwa ba zan kai ba. Amma ƙyallen Fiddausi yana ciki, na kuma yago sababbi biyu don masu tasowa.

Allah ya jiƙan Gwaggo Sahura, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Alherin da ta ɓoye mana, Allah ya bayyana mata shi ranar da ta fi buƙatarsa. Amin.