Ilyasu da Littafin Jadawalin Mahauta

A tarihin unguwar Bololo babu mahajjacin da ya yi doguwar tafiya irin ta Ilyasu Bakari: shekara casa'in da huɗu daga Kano zuwa Makka. Gaskiya dai shi kansa awa huɗu ya yi a jirgi. Sauran shekarun kakanninsa ne suka yi su, a zaune. Kakan babansa ya baro Kano a ƙasa a 1929, ya iso nan lokacin ana kiran garin Fort Lamy, ya ce bari ya huta kwana biyu ƙafar jakinsa ta warke. Ƙafar ta warke. Tun daga lokacin ake kiran gidan Gidan Alhazai, ba tare da ko mutum ɗaya daga cikinsa ya taɓa ganin Jidda ba.

Ilyasu ne ya ƙudura zai ƙarasa tafiyar. Shi bai da jaki, amma yana da abin da ya fi jaki riƙe mutum, wato aikin ofis. Shi ya rubuta manhajar da ƙungiyar mahauta ke amfani da ita wajen tsara jadawalin yanka: shanun wa za su shiga mayanka da asuba, na wa da hantsi, wanne likitan dabbobi ya duba. Shekara bakwai yana ɗora umarni kan umarni, har manhajar ta zama kamar gidan gado, wanda ya girma a ciki ne kaɗai ya san inda ƙofofin suke. Ilyasu yana alfahari da hakan, har ranar da ya nemi konje, wato hutun aiki.

"Hajji?" in ji Madam Lubna, shugabar ofishin. "Allah ya karɓa. Amma ba bana ba."

Ba don mugunta ta faɗa ba. Aikin Hajji da Sallar Layya tare suke zuwa, kuma har yau ba a sami wanda ya raba su ba. A makon da Ilyasu zai tsaya a Arfa, a makon ne dabbobi ke cika mayanka. In manhajar ta tsaya, wa zai tashe ta? Sau biyu yana samun kujera, sau biyu ana ba wani. A karo na uku hukumar alhazai ta gaya masa in bai kawo takardar izinin ofis kafin ƙarshen Shawwal ba, za a cire sunansa, a daina wahalar da biro.

Lubna ta kafa sharaɗi ɗaya. Ya rubuta littafin da zai bayyana manhajar, yadda Hamdiyya, abokiyar aikinsa, za ta iya gyara ta ba tare da ta kira shi ba.

Wata biyu ya rage. Ya fara rubuta littafin daban, sai ya ga kafin ya gama babi ɗaya ya riga ya canza umarnin da babin ke magana a kai, littafin ya zama ƙarya tun bai bushe ba. Sai ya koma wata hanya da ya taɓa karantawa a jami'a ya manta. A manhaja akwai umarnin da kwamfuta ke bi, akwai kuma sharhin da marubuci ke sawa a gefe, wanda kwamfuta ke tsallakewa. Galibi umarni shi ne matani, sharhi ɗan rakiya. Ilyasu ya juya abin. Ya riƙa rubuta bayani cikakke kamar yana gaya wa mutum baki da baki, sai inda bayanin ya kai ga aiki ya dasa gutsuren umarnin a tsakiya. Fayil ɗaya ne. In ka danna nan, kwamfuta ta tsince umarnin ta haɗa manhaja. In ka danna can, ta kwashe bayanin ta jera shi littafi, da babi-babi da lambar shafi. In ka gyara ɗaya, ɗayan yana gabanka yana kallonka.

Wahalar ita ce dole ya faɗi dalilin kowane layi, kuma ya tarar da layukan da shi kansa bai san dalilinsu ba. Ya hau klando, wato babur ɗin haya, zuwa unguwar Moursal wajen tsofaffin mahauta, ya sha shayi kofi goma sha, yana tambayar me ya sa shekarun baya suka ce masa ya yi kaza. Wasu sun tuna. Wasu sun ce shi ne ya ce.

Saura kwana huɗu Shawwal ya ƙare, ya danna, injin bugawa ya yi ta amai har shafi ɗari biyu da shida. Lubna ta ɗaga littafin, ta auna nauyinsa a tafin hannu kamar cinya.

"Da shunu? Mene ne wannan? Wannan duk a kanka yake?"

"Da can, Madam. Yanzu yana hannunki."

"Za mu gani. Fita ka zauna ƙarƙashin dalbejiya. In ka buɗe baki, kalas, shi ke nan, babu Makka."

Aka ba Hamdiyya jarrabawa: ta sa Malam Buba da Malam Dawuda, mahauta biyu, a awa ɗaya ranar Talata. Manhajar ta ƙi. Ta sake, ta sake ƙi. Ilyasu yana hango ta ta taga, ya cusa gefen rawaninsa a baki. Hamdiyya ta duba jerin babi, ta buɗe shafi na sittin da ɗaya, ta karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Waɗannan biyun wa da ƙane ne. Ba sa magana tun rabon gidan mahaifinsu. Dukansu da wuƙa suke zuwa aiki. In sun shirya, a cire layin da ke ƙasa."

"Sun shirya?" in ji Lubna.

"An sasanta su a azumi, Madam. Har walima aka yi."

Hamdiyya ta cire layin, manhajar ta karɓa, littafin ma da aka sake fitar da shi ya zo babu labarin rigimar. Ta leƙo ta taga ta ce, "Yaya Ilyasu, tofar da rawanin, ka je ka sayi harami."

Ranar tafiya Gidan Alhazai kaf suka raka shi filin jirgi. Gwaggo Mairama, wadda ta haura tamanin, ta riƙe hannunsa ta ce in ya isa ya gaya musu an ɗan tsaya ne a hanya. Ya tafi, ya yi ɗawafi, ya tsaya a Arfa, wayarsa ba ta yi ƙara ko sau ɗaya daga ofis ba. Ya ce a duk addu'o'insa wannan ce aka fara amsawa.

Ya dawo Alhaji, na farko a gidan da ya yi kusan ƙarni yana amsa sunan. Da ya koma aiki, kafin ya raba dabino da zamzam, ya tambayi Hamdiyya shafuka nawa ta buɗe a makon Layya.

Ba ta buɗe ko ɗaya ba. Manhajar ta yi aiki lafiya, ta fitar da jadawali kowace safiya kamar kullum. Abu ɗaya ne ya bambanta. Ilyasu a shekara bakwai bai taɓa barin gaban kwamfuta a makon Layya ba, aikawa yake yi da takardun jadawalin. Hamdiyya kuwa da kanta ta kai su mayanka, ta tsaya ta ga yadda ake yi. A wannan makon Sarkin Fawa ne ke tsayawa a bakin ƙofa yana kiran sunan wanda zai shiga, kamar yadda ubansa ya yi. Takardun jadawalin, mai balangu na ƙofar ke karɓa, yana ƙunshe nama da su.