Keken Ɗinkin Matar Kawu

Kawuna mai gyaran fanka ne, shekara talatin a shago ɗaya da ke manne da ɗakinsu. Amma idan ka tambaye shi sana'arsa, makaɗi zai ce maka. Kiɗan nasa kuwa hayaniya ce zalla: yana goga zarto a jikin kwano, ya sa cokali cikin fanka tana juyawa, ya ɗauka a waya, ya ɗora a intanet. Wallahi akwai masu saurare, mutum arba'in da wani abu, har da masu yi masa dogon sharhi.

Dokokinsa biyu. Kullum da safe sai ya yi rabin awa yana kiɗa kafin ya taɓa aikin kowa, ko da mai fankar na tsaye yana zufa. Kuma ba ya maimaita abin kiɗa kwana biyu a jere. Yau sarƙar babur, gobe murfin tukunya.

Abin da ke fasa masa kai shi ne, duk canjin da ya yi, masu sauraren kan ce sun gane hannunsa. Wai akwai wani ƙas-ƙas can ƙasa da babu a kiɗan kowa.

"Salo ke nan, ɗana," yakan ce min. "A jini yake."

Wata safiya ya fito yana faɗa, wai keken ɗinkin matarsa ya hana shi jin kansa ta bango. Ya kwance keken, ya sauya bel, ya zuba mai, ya jefar da wani ƙarfen da ya lanƙwashe. Keke ya koma shiru. Inna, matar tasa, har da shi masa albarka.

Sati bai cika ba sharhi ya canja. "Ina ƙas-ƙas ɗin?" Kawu ya saurari tsoho, ya saurari sabo, ya zauna a benci ya yi tagumi. Na so in yi dariya, amma tausayi ya kama ni.

Ya je ya roƙi Inna ta bari ya ɗan ɓata keken.

"Ka taɓa ka gani," ta ce. "Sai yanzu gwiwata ta huta."

Ya gwada yin ƙas-ƙas ɗin da almakashi, ya gwada da sifana, ya ɗora. Mutum ɗaya ne ya amsa. Kawu ya miƙo min wayar, na karanta: "Malam, ka daina kwaikwayon mai gyaran fanka, ba ka iya ba."