Hama Mai Taya Uku

Duk wanda ya sauka tashar Dakoro ya san Hama. In ba ka san shi ba, to ba ka sauka ba, wucewa ka yi. Shi ne ɗan kabu-kabun nan mai moto taya uku, wanda mata ke ma layi. Ni Munira, mai awara bakin tasha, taubashiyarshi ce, babanshi da innata ciki guda. Don haka duk abin da na ce mishi ya zauna, ba shi da wurin kai ƙara.

Shan inna ya kama shi tun yana tatata. Ƙafafu sunka shanye, kamar tsinken tsire. Amma kafaɗa? Allah ya kwashe na ƙasa ya jibga mishi sama. Da takalmin soso a hannu ya riƙa jan jiki zuwa lakwal, makarantar boko, kuma ya hi ni nisa, don ni tun da wuri mushe, malaminmu, ya gaji da bakina ya sallame ni.

Mutane sun sha ce ma Kawu, babanshi, ya riƙa aje shi ƙofar masallaci ran Juma'a. Kawu ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi garaji. Can ya girma cikin baƙin mai. Can kuma ya samu wata moto da ta yi hatsari, ya yi ta haɗa ta sannu-sannu: taya biyu baya, birki da bitesi, wato giya, duka a hannu, mazauni mai faɗi kamar bencin likita. Ya tahi Maradi ya yi permi, takardar tuƙi, ya dawo yana washe baki.

To nan aka tsaya. A tasharmu ba ka ɗaukar ko kaza sai da jilen sandika, ƴar rigar nan mai lamba a baya ta ƙungiyar ƴan kabu-kabu. Kuma jile ba a samun ta sai an gwada ka. Gwajin nasu tsoho ne: sabon shiga shi ke goya persidan, shugaban sandika, ya ƙetare da shi rairayin bayan tasha, inda shanu ma ke nishi. Ka sa ƙafa ƙasa, ka faɗi, sai wani jiƙon.

Persidan ɗin Isufu ne, mutum mai tumbi da son girma. Ya ƙi ko hawa.

Ya ce, "Hama, ba ƙinka nike ba. In ka kada matar mutane cikin rairayi, wa ke ɗaga ta? Wa ke ɗaga ka?"

Hama ya ce, "Gwada ni dai, Persidan."

"Je ka yi faci, Allah ya sa albarka."

Haka Hama ya zauna gindin kaskona har damina ta wuce, moto a kahe tana shan rana, shi kuma yana cinye mini awara. Rannan na ji shi yana ma wani Buzu na Tagriss cinikinta. Na ce, "Kai, bawana, in ka saida moton nan sai na soya ka da mai guda." Bai yi dariya ba. Hama da ba shi barin ta kwana!

Akwai Inna Suwaiba, makauniya mai saida sabulu, ita ce shugabar ƙungiyar naƙasassu ta garinmu. Da ta zo sayen awara na zazzage mata komi, har da abin da ba ta tambaya ba.

Ta ce, "Yana da permi?"

Na ce, "Yana da."

"To akwai doka. Ba a hana mutum sana'a don naƙasa tai."

Wallahi ni na zaci doka ta ɓarayi ce da masu fasa ma juna kai. Ashe har da ƙafafun Hama a ciki.

Ran kasuwa da hantsi sai ga Inna Suwaiba da mutanenta, masu sanda, masu keke, da kurame biyu suna ta hira da hannu. Sunka doshi rumfar sandika. Isufu na hango su ya miƙe da fara'a. Ya aika aka sawo masa, ya laluba aljihu ya tara ƴan canji, ya danƙa ma Inna a hannu.

Ya ce, "Ga shi, Inna, ku sa mu cikin addu'a."

Ta shafa ta ce, "Ɗan nan, mine ne wannan?"

"Sadaka ce."

"Masa za mu ci, tunda ta riga ta zo. Wannan mai da aljihunka. Jile munka zo karɓa."

Ni ko na bar awara na ƙuna na matso.

Inna ta ce, "Ba mu ce ka ba shi don tausai ba. Yadda kake gwada ɗan kowa, gwada shi. In ya faɗi, ya faɗi. In ko ka ƙi, mu rankaya komisariya wurin ƴan sanda a karanta maka dokar da Faransanci, tunda Hausa ba ta shige ka."

Isufu ya waiga wajen polis ɗin da ke tsaron ƙofa, ko zai samu mai kama mishi. Shi ko bakinshi cike da masar sadaka, ya ce, "Tsohuwa ta hi ka gaskiya, Persidan."

Sai rairayi. Rabin kasuwa ta biyo mu. Hama ya ɗaga kanshi da hannu ya haye, ya ce, "Bismilla, Persidan. Zancen sa ƙafa ƙasa kau, kwantar da hankalinka."

Aka kwashe da dariya. Isufu ya hau yana salati, ya rungume Hama kamar ɗan goye.

Sunka shiga lahiya. Tsakiya sai moto ta fara kuka, taya na tona rami, rairayi na tashi. Na ɗora hannu a ka. Na yi ihu, "Hama, in ka ba ni kunya kada ka sake zuwa gindin kaskona!"

Muna jin shi ya ce, "Persidan, sake ni ka matsa baya! Yau tumbinka zai yi rana!"

Isufu ya ja baya ya danne tayoyin nan biyu da duk abin da Allah ya ba shi. Moto ta cije, ta zabura, ta hita can ƙetare. Guɗar da na rangaɗa sai da raƙuman kasuwa sunka waigo. Inna Suwaiba na ta jan zanena, "Ke, gaya mini, ya hita?" Na ce, "Ya hita, Inna, har da kaya!"

Isufu ya sauko, ya ce, "Ku shaida, da taimakona aka hita." Aka ce an shaida. Shi da hannunshi ya miƙo jile. Ta ƙi shiga kafaɗun Hama. Sai da tela ya tsaga ta baya ya ƙara ƙyalle, shi ya sa har yau lambarshi a karkace take.

Yanzu mata ba su hawan ta kowa in yana nan. Ka zauna ƙafa haɗe, zanenka a rufe, buhun wake gefe, ɗan akuya a cinya. Tsohuwar Isufu ma in za ta awo likita sai ta ce a kira mata mai taya uku. Sauran ƴan kabu-kabu sun kai kuka wai ya kwashe musu mata. Isufu ya ce su je su gaya ma Inna Suwaiba. Har yau ba wanda ya je.

Ni kuwa kullum da sahe shi ke kawo ni tasha da kaskona. Yana cewa kaskon ya hi ni hankali, don shi ba shi magana a hanya.