Inna Mai Gugguru da Tagar da Ta Hana a Rufe Sinima

Ƙarfe biyu na rana take isowa gidan sinima, ko ana ruwa ko ana rana. Takan ajiye jakarta a ƙarƙashin kantar gugguru, ta ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu, ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke jiya, sannan ta zauna tsince masara kamar mai neman laifi. Ƙwayar da ta tsotse ko ta fashe ba ta shiga tukunyarta. Duk wannan shiri, ba za ta kunna wuta ba sai huɗu saura kwata, lokacin da layin masu sayen tikiti ya fara tsawo. A nan ne take tura 'yar tagar da ke kallon layin, ta juya ƙaramar fanka ta fuskanci waje. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, kuma babba da yaro Inna Mai Gugguru suke ce mata.

Ni dai sanina da ita bai fara da daɗi ba, domin kama ni ta yi. Wata Asabar na kwashi maiɗakina da yaranmu uku muka je kallo. Ni mutum ne mai tsimi, wasu su ce maƙo, don haka tun daga gida na cusa biskit da lemon kwalba a jakar uwar yara. Mun wuce mai duba tikiti lafiya lau, sai autarmu ta ja birki a gaban kantar Inna, tana shaƙar iska.

"Baba, a saya mana wannan."

"Wuce mu je."

"To ai na cikin jakar Mama ba ya ƙamshi!"

Na so ƙasa ta tsage. Inna ta dube ni ta saman tabarau, ta yafito ni da hannu.

"Ɗana, zo nan. Tikitin nan biyar da ka saya, ka san nawa ne namu a ciki?"

Na ce ai duka nasu ne.

Ta yi dariya har da dafa kanta. "Fim ɗin ba namu ba ne, aro muke yi. A makon farko masu fim ke kwashe fiye da rabi. Abin da ya saura, wuta ta ci, na'urar sanyi ta sha, haya ta lashe kwano. Albashin mai shara da mai gadi da ni kaina, daga tukunyar nan da firijin can yake fitowa. Ka shiga da biskit ɗinka yau, ban gani ba."

Ta cika ƙaramar takarda ta miƙa wa autar, ta ce wannan na Inna ne. Na zauna cikin duhun zauren awa biyu, ban san me fim ɗin ya ƙunsa ba saboda kunya. Tun daga ranar na zama na gida, har ma'aikatan suka saba da ni, shi ya sa abin da ya biyo baya na ji shi daga bakin waɗanda aka yi a gabansu.

Shekara huɗu da suka wuce tsufa ya zaunar da mai gidan sinimar, ɗansa ya karɓi ragama ya zama manaja. Saurayi ne mai ilimi, ba mugu ba, amma komai sai ya auna shi a kan takarda. Ya duba ya ga Inna tana kunna wuta sau huɗu a yini, gas yana tafiya. Sai ya ba da umarni a soya gugguru duka sau ɗaya da safe, a can sito na baya, a ɗaure a leda a jera a kan kanta. Aka rufe tagar, aka ɗauke fanka. Ya kuma ƙara kuɗin tikiti, wai a toshe giɓi.

Mai sayar da tikiti, wata mata da suka shekara ashirin tare da Inna, ta ce min Inna ta yi magana sau ɗaya tak.

"Manaja, mutum ba don yunwa yake sayen gugguru ba. Hanci ne ke saye."

"Inna, wannan ai camfi ne," in ji shi. "Gugguru gugguru ne."

Ta bi umarni. Ledoji suka jeru a kan kanta, mutane suna wucewa ko kallo ba sa yi. Wanda ma ya saya sai ya tarar ya yi sanyi yana taunuwa kamar soso. Tikiti ya yi tsada, iyali suka fara zama a gida. Cikin wata biyar manaja ya tara ma'aikata goma sha huɗu ya gaya musu cewa wani ɗan kasuwa yana son ginin, zai mai da shi ma'ajiyar kujeru da gadaje. Idan abu bai gyaru ba zuwa ƙarshen shekara, kowa ya kama gabansa. Mai haska fim, dattijon da ke da 'ya'ya uku a makaranta, ya ce min ranar bai iya cin abinci ba.

Inna ce kaɗai ta buɗe baki.

"Ka ba ni Asabar biyu. Gas nawa, masara tawa. In ban sayar ba, ni ce farkon tafiya, ba sai ka kore ni ba."

Ya ɗaga kafaɗa ya ce ta yi abin da ta ga dama.

Mai gadi ya rantse min da idonsa ya gan ta, mace mai shekara sittin da ɗoriya, ta rungumo tukunya daga sito ita kaɗai, ta ƙi a taya ta. Tagar ta cije don daɗewa a rufe, ta sa bayan ludayi ta ɓalle ta. Huɗu saura kwata masara ta fara tsalle. Ya ce layin bai fi mutum talatin ba, amma ka ga kawuna suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, yara suna jan rigar iyayensu. Kafin a shiga fim na biyu buhunta ya ƙare kaf, lemo ma ya yi ƙasa a firiji, domin mai cin gishiri dole ya nemi abin sha. Asabar ta biyu manaja da kansa ya naɗe hannun riga yana miƙa takardun gugguru.

Da ta ga kunnensa ya buɗe, sai ta ƙara masa ɗaya. Ta ce kujerar da ba kowa a kanta ba ta sayen komai, don haka a riƙa haska fim ɗin yara da safiyar Asabar a rabin kuɗi. Ya ce za a yi asara. Ta ce ya bari ya ga abin da uwa mai 'ya'ya huɗu za ta yi a gaban kantar gugguru. Yau in ba ka zo da wuri ba, ba ka samun wurin zama a wannan fim na safe. Ƙarshen shekara ya zo ya wuce, ba wanda ya kama gabansa.

Inna, ke ce kika san aikinki har kika san abin da masu shi ba su sani ba. Ke ce aka ce miki mai camfi a gaban abokan aikinki, ba ki yi fushi kin tafi ba, kuma da gaskiyarki ta fito ba ki ce wa kowa "ai na faɗa" ba. Uwar tukunya, mai riƙon gida goma sha huɗu da ludayi ɗaya. Ina ƙaunarki, kuma ba na jin kunyar rubuta shi.

Yanzu gwiwoyi sun ce ya isa. Ta koya wa matar da ke shara aikin, wata shida tana tsaye a kanta tana faɗa, kuma Lahadin da ta wuce aka yi wa Inna bikin sallama da rana a zauren sinimar. A wurin manaja ya faɗi abin da bai gaya wa kowa ba: ɗan kasuwar nan ya dawo watan jiya da tayin da ya ninka na farko, shi kuwa ya ce masa ginin ba na sayarwa ba ne. Mai haska fim ya sunkuyar da kai yana goge ido. Sai manaja ya tambayi Inna abin da take so a yi mata.

"Ni fa ban taɓa ganin fim daga farko zuwa ƙarshe ba," ta ce. "Ta bango nake jin su."

Shekara talatin da ɗaya, kuma ba ɗayanmu da ya taɓa lura.

Mun gode, Inna, Allah ya ba gwiwoyin nan hutu. Ku kuma masu karatu, in akwai irinta a wurin aikinku, ku tambaye ta abin da ta sani tun kafin a kai ga maganar rufe ƙofa. In kuwa ku ne irinta, kada ku haɗiye abin da kuka sani don an yi muku dariya sau ɗaya.

Ranar sallamar, aka kai Inna tsakiyar zaure don ta ga fim, ni ne a gefenta. Kafin a kashe fitilu ta miƙe da ƙyar, ta juya ta bi layukan kujeru da ido tun daga gaba har baya.

"Ɗana, idona ne, ko babu kujera ko ɗaya da ba mutum?"

Na ce babu, Inna.

"To madalla," ta ce, ta zauna. "Ku ce wa mai haska fim ya fara."