Rabin mintin da na cinye wa abokina

Shekarun baya, lokacin da mutane suka fara watsar da kaset ɗin bidiyo suna komawa faifan DVD, ina da ɗan shago a kasuwar Suki. Ina ɗaukar hoton biki, ina kuma juye tsofaffin kaset zuwa faifai. Karatuna bai yi nisa ba, kwamfutar ma da lalube na koye ta, amma a ƙauyukanmu duk wanda ya iya abin da wasu ba su iya ba sai a kira shi muhandis, wato injiniya. Aka kira ni, ni kuma na amsa.

Ina da aboki tun muna yara, tare muka yi tsinkar auduga. Shi ne babba a gidansu, amma ya bar mahaifinsa da hawasha, gonar nan ta noman rani, ya tafi Saudiyya aiki. Tsohon bai so ba, ya shekara biyu ba ya amsa wasiƙarsa. A wancan zamani al'adarmu ce a tara 'yan gida a gaban kyamara, kowa ya yi gaisuwa, a ba wa mai tafiya kaset ya kai wa na nesa. A irin wannan kaset ne mahaifin ya yi magana a ƙarshe. Ya fara da faɗa, ya yi mai isarsa, sannan ya yi murmushi ya ɗaga hannu ya ce ya yafe masa duniya da lahira. Kafin abokina ya dawo gida tsohon ya rasu.

Wannan kaset ya kawo mini, naɗe cikin rawani.

"Ya zol, mutumina, kaset ya fara cin kansa," in ji shi. "Ka juye mini. Amma ka ajiye mini na asalin, zan karɓa idan na dawo daga Managil."

Na ce, "Kai dai baƙauye ne har yanzu, Saudiyya ba ta wanke ka ba. Faifai shekara ɗari yake yi."

Ya yi dariya ya ce, "To muhandis, ka dai ajiye."

Na juye kaset ɗin cikin kwamfuta, sai na zauna yi wa faifan ado. Akwai shafin farko da ke fitowa idan an saka faifai, inda ake zaɓar abin da za a kalla, menu muke ce masa. A nan na kashe kwana biyu. Na sa hoton tsohon cikin furanni, na sa kiɗa mai daɗi yana juyawa, na yi maɓalli uku: gaisuwar mata, gaisuwar maza, maganar Baba. Maɓalli na uku ya ƙi aiki, in an danna sai ya dawo da kai farko. Na yi ta fama har na gano ban haɗa shi da gurbinsa ba. Da na gyara na danna, na ga fuskar tsohon ta fito, sai na kashe ina jin kaina sarkin masu fasaha. Farkon faifan kaɗai na kalla ina saurare, na ga baki da murya suna tafiya tare. Ban taɓa zama na kalle shi har ƙarshe ba.

Kwamfutar ba ta da wuri, na goge abin da na juye. A makon nan aka kira ni biki a garin Haj Abdalla, na rasa sabon kaset, domin 'yan kasuwa sun daina kawowa. Na duba kan kanta na ga na abokina. Na ce ai an riga an juye. Na naɗi rawar amarya a kansa.

Bayan kwana goma ya karɓi faifai. Da ya tambayi kaset na ce yana gida, zan kawo. Washegari da hantsi sai ga shi, fuska ba walwala. Ya ce in saka, in danna na uku.

Abin da ya faru shi ne, wajen juyewa kwamfutar ta riƙa zubar da hoto kaɗan-kaɗan, murya kuma tana nan cif. Sai hoton ya riƙa tsere wa murya. A farko ba a ganewa, a tsakiya baki na riga sauti, a ƙarshe tazarar ta kai rabin minti. Da hoto ya ƙare, na'urar ta datse muryar a nan. Muka tsaya muna kallon tsohon yana murmushi, ya ɗaga hannu yana sa albarka, muryarsa kuwa tana cewa, "Ka tahi ka bar man hawasha, ruwa na zuwa ba mai tare shi, kai ba ɗa ba ne da za a..." Sai faifan ya yanke, furannina suka dawo da kiɗansu.

Ya ce, "A gaban ƙannena na saka shi jiya. Da 'ya'yana."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ce, "Injin gidanka ne ya lalata shi. Waɗannan masu arha haka suke."

"Amma ga shi a naka ma haka."

"Ai ya riga ya taɓa shi."

Ya yarda, domin ni ne muhandis. Ya ce to a sake juyewa daga kaset, na ce ina nema, an yi mini kwashe-kwashe a gida. Wata uku ina juya shi. Ya ɗauki faifan ya kai Sinnar, ya kai Madani, yana gwadawa a inji daban-daban ko wani zai fito da sauran maganar. A Madani wani mai irin sana'ata ya gaya masa cewa sauran muryar ba ta shiga faifan ba tun farko.

Ya zo bai zauna ba. Ya ce, "Ina kaset?" Na miƙa masa, na faɗa masa abin da ke ciki yanzu. Ya juya shi a hannu ya ce, "Bikin wa?" Na faɗa. Ya ce, "Allah ya ba su zaman lafiya," ya ajiye mini ya fita.

Daga baya na koyi gyaran, a kan kwafin faifan da na ajiye ranar da ya dawo da shi. Na raba murya da hoto, na matse muryar har ta hau bakin tsohon daidai, na cire furanni da kiɗa. Aikin yini ɗaya ne, da na yi shi tun kaset na nan da ba a rasa komai ba. Yanzu faɗan ya faɗa a inda ake faɗa, wurin albarka kuma shiru, leɓe kawai ke motsi. Na aika masa.

Shekara tara muna gaisawa a jana'iza kamar baƙi. Wata Sallah na je har gida na durƙusa, na ce ƙaryar ta fi kuskuren damuna. Ya ce, "Ni na ji maganar, tana kunnena. Ƙanina ne, da ba ya nan ranar da aka ɗauka, har gobe yake cewa Baba ya tafi da fushina, ni kuma ba ni da abin nuna masa." Sannan ya ce, "Halas, ya wuce, na yafe maka. Ka saurara da kyau, ba kaset da zai maimaita maka."

Shagon ya daɗe da rufewa, yau ko injin faifai da wuya ka samu a Suki. Ya yafe, amma ƙaninsa ya rasu bai sauya magana ba, wannan kuma ba abin da za a gyara ba ne. Kwana biyu na ba furanni, na hana tsohon awa ɗaya in ji shi har ƙarshe. Har yanzu idan wani ya ce mini muhandis cikin wasa, sai in ce ya kira ni da sunana.